Darasin Farko na Kwamfuta: Tafiyar Harafin Ƙ Daga Yatsa Zuwa Allo

A kwalejojin Amurka masu karatun shekara biyu, waɗanda ake kafawa domin mutanen gari, akwai wani kwas da ɗalibin fannin kwamfuta yakan fara da shi tun zangon farko. Sunansa yakan bambanta daga wannan kwaleji zuwa waccan, amma abin da ke cikinsa kusan ɗaya ne, kuma kashi uku ne. Kashi na farko shi ne sassan kwamfuta da ake iya taɓawa da hannu, waɗanda marubutan Hausa suka laƙaba wa suna "gangar jiki". Na biyu shi ne manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa waɗannan sassa abin da za su yi. Wasu sukan kira ta "ruhin kwamfuta", tun da yake gangar jiki ba ta taɓuka komai sai da ita. Na uku kuwa shi ne taimakon masu amfani da kwamfuta, wato aikin mutumin nan da ake kira a ofis ko asibiti ko makaranta idan na'ura ta ƙi.

Kwalejoji da yawa sukan ɗora kwas ɗin ne a kan jarrabawar da ake kira A+, wadda ƙungiyar CompTIA ta fara shiryawa a shekarar 1993. Takarda biyu ake rubutawa, kuma wanda ya ci yakan sami shaidar da zai nemi aiki da ita. Kamfanin Cisco ma yana da nasa tsarin karatun mai suna IT Essentials, wanda ake koyarwa a makarantu a ƙasashe da dama, har da na Afirka. Saboda haka ɗalibin da ke karanta wannan littafi, ko a wace ƙasa yake zaune, mai yiwuwa ne ya gamu da kwas ɗin a kusa da shi. (Ku lura da kalmar "manhaja". Daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ma'anarta ta farko ita ce tsarin abin da za a koyar a makaranta. Daga baya ne aka ɗora mata wannan sabon kaya, ta kuwa ɗauka.)

Mutane da yawa suna zaton haddar sunayen sassa ita ce kwas ɗin. Akwai hadda, ba shakka, amma ba ita ce cibiyarsa ba. Abin da ake son ɗalibi ya fita da shi shi ne iya gane inda matsala take: a gangar jiki ne, ko a manhaja, ko a hannun mai amfani da na'urar. Domin a ga yadda wannan yake, za mu bi sawun harafi guda ɗaya, wato ƙ mai lanƙwasa, tun daga lokacin da yatsa ya danna madanni har ya bayyana a kan allo. Na zaɓe shi ne domin babu mai koyon rubutun Hausa a ƙasar waje da bai taɓa shan wahalarsa ba. Kuma ba harafin da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne, domin "sarki ya shiga fada" daban, "sarki ya shiga faɗa" daban. Haka nan doki da ɗoki, ko kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa.

Gangar jiki

A makonnin farko akan ba ɗalibi sukudireba da tsohuwar kwamfutar tebur, a ce ya buɗe ta, ya fitar da kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya mayar. Kafin ya taɓa komai sai ya zare wayar wuta, ya kuma ɗaura wani ɗan madauri a wuyan hannunsa wanda ke janye wutar da jikin mutum yakan tara. Wannan wuta ita ce wadda takan ɗan tsunkule ka idan ka taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu. Ba ta yi wa mutum komai, amma tana iya kashe sassan kwamfuta masu laushi ba tare da an ga ko tartsatsi ba.

Abin da zai fara gani shi ne wani faffaɗan allo da ke kwance a ciki, wanda kowane sashe yake haɗe da shi. Shi ne uwar allo. A tsakiyarsa, ƙarƙashin fanka, akwai masarrafa, wato ɗan abin nan da bai fi faɗin akwatin ashana ba, wanda yake yin dukkan lissafi. Masarrafar farko da aka sayar a kasuwa a dunƙule guda, wato Intel 4004 ta shekarar 1971, tana da ƙananan makunnai 2,300 ne a cikinta. Na yau kuwa biliyoyi gare su. Aikin da take yi yana sa ta zafi ƙwarai, shi ya sa aka ɗora mata fanka. Idan ƙura ta toshe fankar, sai masarrafa ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, mai kwamfuta kuma ya shiga kukan cewa na'urarsa ta tsufa, alhali shara kawai take bukata. Wanda ya taɓa zama a Kano ko Damagaram ko Injamena a lokacin hazo ya san irin ƙurar da ake magana a kanta.

Sai kuma wurare biyu na ajiya, waɗanda sabon ɗalibi yakan rikita. Ɗaya ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda masu gyara suke kira ram. Ɗayar kuma ita ce ma'adana, ko dai mai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ko kuwa irin ta yanzu wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Ku ɗauki misalin ɗan koli. Da safe yakan ɗebo kaya daga sito ya baza a kan tebur, domin abin da ke kan tebur shi ne hannu yake kaiwa nan take. Da yamma sai a naɗe tebur, abin da ba a mayar sito ba kuwa ya bi ruwa. Ram ita ce tebur, ma'adana ita ce sito. Harafin da muka danna a kan tebur yake zaune har sai an ba da umarnin adanawa. Idan aka ɗauke wuta kafin nan, shi ke nan ya tafi.

Na ƙarshe shi ne akwatin wuta, wanda yake karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙarama, mai ƙarfin bolt 12 da 5 da 3.3, irin wadda sassan ciki suke iya sha. Shi kaɗai ne ake hana ɗalibi buɗewa, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga bango, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. A nan akwai abin da ya shafi masu aika kaya gida. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Ingila da Nijeriya da Gana kuwa 230. Tsofaffin akwatunan wuta suna da wani ɗan jan makunni a baya da ake turawa gwargwadon ƙasar da ake. Wanda ya manta da shi ya jona kwamfutar Amurka a bangon Kumasi, ƙara zai ji, sai hayaƙi. Cajar kwamfutar hannu ba ta da wannan matsala, domin an yi ta ne ta karɓi daga 100 har zuwa 240.

To, yanzu mu koma ga yatsa. Abin da yakan ba ɗalibai mamaki shi ne allon madannai bai san harafi ko ɗaya ba. A ƙarƙashin madannan akwai wayoyi da suka gitta juna kamar saƙar tabarma, kuma kowane madanni yana zaune a kan mahaɗar biyu daga cikinsu. Idan aka danna, sai wayoyin biyu su haɗu, wata 'yar na'ura da ke cikin allon ta gane mahaɗar, ta aika wa kwamfuta da lambar gurbin. A allon da ake jonawa ta USB, madannin da aka zana wa K lamba 14 yake aikawa. Ba ya cewa "k", cewa yake "an danna gurbi na 14". Harafin da aka zana a kansa fenti ne kawai domin idon mai bugawa. Aikin gangar jiki a wannan tafiya ya kusa ƙarewa daga nan, sai can a ƙarshe idan an zo kan allo.

Manhaja

Wadda take karɓar lambar ita ce babbar manhaja, wato Windows ko macOS ko Linux, ko kuwa Android a wayar hannu. Ita ce uwar gida: ita take raba wa ƙananan manhajoji wuri a kan tebur, ita take shiga tsakaninsu da sassan ƙarfe. Tana riƙe da wani jadawali da ake kira tsarin madannai, wanda yake faɗin harafin da kowane gurbi yake nufi. Idan tsarin Ingilishi aka zaɓa, gurbi na 14 zai ba da k. Idan aka juya zuwa tsarin Larabci, kamar yadda ɗalibanmu na Sudan da Saudiyya suke yi kullum, wannan gurbin dai shi zai ba da harafin nun. Haka kuma madannin farko a layin haruffa na sama lamba 20 yake aikawa a ko'ina, amma a Gana da Ingila Q yake fitarwa, a Nijar da Cadi kuwa, inda aka fi bin tsarin Faransa, A yake fitarwa. Ke nan idan mutum ya danna A ya ga Q, allonsa lafiya lau yake, jadawali ne aka sauya masa.

Bayan an san harafin, sai a ba shi wata lambar, wadda da ita za a ajiye shi, domin kwamfuta ba ta ajiye komai sai lamba. Ƙaramin ma'auninta shi ne bit, wato ko sifiri ko ɗaya. Guda takwas su ne bayit. A shekarar 1963 aka fitar da wani jadawali a Amurka mai suna ASCII, mai gurbi 128, aka kuma ƙara masa ƙananan haruffa a 1967. A cikinsa babban K shi ne 75, ƙaramin k kuma 107. Gurbi 128 ya ishi Ingilishi, har da lambobi da alamomin rubutu. Daga baya aka faɗaɗa zuwa 256, harsunan Yammacin Turai suka sami wurin zuba haruffansu masu ɗigo da wutsiya. Hausa ba ta sami ko gurbi ɗaya ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da haruffan nan suka rasa masauki ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko waƙafi a gefensa, kafin lanƙwasa ta zauna a shekarun 1930, lokacin da aikin ɗab'in Hausa ya kankama a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ko bayan haka, mai buga takarda da tafireta irin ta Ingilishi sai ya gama sa'an nan ya bi da biro yana lanƙwasa kan kowane k da d da b da ya kamata. Har yau ma ba a gama daidaitawa ba, domin abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, kamar a 'ya'ya, a Nijar ƴ ake rubuta shi.

Da kwamfuta ta shigo, sai aka ɓullo da wata dabara. Domin a fahimce ta, dole a san cewa lambar harafi daban, zanensa daban. Zanen yana cikin wani fayil ne da za mu kira zubin haruffa, wanda masu shagunan buga takardu suke ce wa fon. Shi ne yake cewa lamba 107 ga yadda za a zana ta. To, tun da Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai aka ƙera zubi na musamman aka goge zanen q aka sa na ƙ a gurbinsa, aka sa ɗ a gurbin x, aka sa ɓ a gurbin v. Wasu zubin kuma gurabun baka-biyu da makamantansu suka ara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ƙera irin wannan zubi a shekarun 1990, kuma da irinsa aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawan gaske. Dabara ce da ta yi rana, domin ba don ita ba da an daɗe ana buga Hausa babu lanƙwasa. Sai dai tana da sharaɗi. Abin da ido yake gani ƙ ne, amma abin da kwamfuta ta ajiye 113 ne, wato q. Muddin takardar ta je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu, a ga "qasa xaya" a inda aka rubuta "ƙasa ɗaya".

Maganin gaskiya ya zo ne da jadawalin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai. Zuwa shekarar 2024 haruffa da alamomin da ke cikinsa sun haura 150,000. A nan ƙ ya sami lamba 409, babbansa Ƙ kuma 408. Ƙaramin ɓ shi ne 595, ƙaramin ɗ 599, ƴ kuwa 436. Mai lura zai ga ɓ da ɗ sun yi nisa da ƙ. Dalili shi ne an ajiye su ne a unguwar alamomin da masana furuci suke amfani da su, alhali manyansu, Ɓ da Ɗ, suna can kusa da Ƙ, a 385 da 394. Iyali ɗaya aka raba wa gida biyu, kuma shi ya sa wani lokaci za ka ga zubi yana da wasu daga cikinsu, ba shi da sauran.

Saura mataki ɗaya. Bayit guda ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255, ga shi kuwa ƙ 409 ne. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar da ake kira UTF-8, wadda ta bar haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar da, ta kuma raba manyan lambobi zuwa bayit biyu ko uku ko huɗu. A wannan tsari k bayit ɗaya ne, 107, ƙ kuma biyu ne, 198 da 153. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu sake gamuwa da su. Kusan dukkan shafukan intanet na yau da wannan hanya ake rubuta su.

Wani abu makamancin wannan yana faruwa a saƙon tes na wayar hannu. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan suna cikin ƙaramin jadawalin da kamfanonin waya suke amfani da shi. Da zarar an sa ƙ guda ɗaya tak, sai wayar ta koma babban jadawali, saƙon ya rage zuwa harafi 70. Wanda ya rubuta Hausa daidai sai ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai rubuta ta a karkace ya biya na ɗaya. Ina ganin wannan yana cikin abubuwan da suka saba wa mutane barin lanƙwasa, ba lalaci kaɗai ba.

Daga ƙarshe babbar manhaja takan duba zubin haruffa ta ɗauko zanen 409, ta mayar da shi ɗige-ɗige, ta miƙa wa allo. Allo mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin 1,080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, kowanne da hasken ja da kore da shuɗi. 'Yan kaɗan daga cikinsu suka yi baƙi, sai ido ya ga ƙ. Duk tafiyar nan ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Taimakon masu amfani da kwamfuta

Wannan kashi shi ne ɗalibai suka fi rainawa, kuma shi ne aikin da yawancinsu za su fara samu. Mai kawo kuka ba ya zuwa da sunan cutarsa. Cewa zai yi, "Kwamfutata ta lalace," ko kuwa, "Wannan na'ura ba ta jin Hausa." Ana koya wa ɗalibi hanya mai hawa shida: ya gano ainihin matsalar, ya yi hasashen musabbabinta, ya gwada hasashen, ya tsara gyara ya aiwatar, ya tabbatar komai ya koma daidai, sa'an nan ya rubuta abin da ya yi domin wanda zai zo bayansa. Hawa na farko ya fi sauran wuya, kuma da tambaya ake hawansa, tun da matambayi ba ya ɓata. Yaushe abin ya fara? Me aka canza kafin nan? A kowace takarda yake faruwa ko a wannan kaɗai? Mafi amfani duka ita ce, "Nuna mini in gani," domin gani ya kori ji. Kuka ɗaya ne, cewa ƙ ba ya fita, amma abin da ke kan allo yana iya zama iri biyar, kowanne da inda ciwonsa yake.

Idan an danna babu abin da ya fito sam, a nan ne kaɗai ake zargin gangar jiki. Sai a gwada wasu madannai, a jona wani allon madannai, ko a buɗe wanda babbar manhaja take zanawa a kan fuskar kwamfuta. In wancan ya yi aiki, to datti ne ko ruwa ya shiga, ko waya ta tsinke. In kuwa k ne yake fita maimakon ƙ, tsarin madannai ne ba a sa na Hausa ba. Windows tana da shi, wayoyin Android ma haka, kuma akwai manhajar Keyman da ake samu kyauta. A cikin Word akwai wata gajeriyar hanya: a rubuta 0199, wadda ita ce 409 a lissafin da masu kwamfuta suke yi da sha shida-sha shida, sa'an nan a danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe ta zama ƙ.

Iri na uku shi ne a ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin. Wannan yakan tsorata mutane, alhali shi ne mafi sauƙi. Lambar 409 tana nan lafiya, zubin da aka zaɓa ne ba shi da zanenta. Gwajinsa kuwa shi ne a kwafi kalmar a liƙa ta a wani wuri, in ƙ ya fito to an gano. Sai a sauya zuwa zubin da ya san haruffan Afirka, irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, ko Noto na kamfanin Google. Wani lokaci kwamfuta takan yi wa kanta dabara ta aro harafin daga wani zubi dabam, shi ya sa za ka ga ƙ ya fita ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a cikin sahu.

Iri na huɗu ya fi haɗari. Mutum ya buɗe jerin sunayen ɗalibai, sai ya ga "Æ™" a duk inda ƙ yake, da "É—" a duk inda ɗ yake. Ga inda lambobinmu biyu suka dawo. An ajiye fayil ɗin da UTF-8, amma manhajar da ta buɗe shi ta ɗauka da tsohon jadawalin Yammacin Turai aka rubuta shi, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: 198 ta ce Æ ne, 153 ta ce ™ ne. Har zuwa nan ba a yi asarar komai ba. A rufe ba tare da adanawa ba, a sake buɗewa a gaya wa manhajar UTF-8 ne. Asara tana zuwa ne ta ɗaya gefen, wato idan aka adana rubutun Hausa da tsohon jadawalin da ba shi da gurbin ƙ. A nan manhaja takan maye gurbin kowane harafi mai lanƙwasa da alamar tambaya, ta ajiye lambar alamar tambayar. Daga nan babu manhajar da za ta iya sanin ko "?ari" ƙari ne, ko ɗari, ko ɓari. Sai dai mai jin Hausa ya zauna ya bi layi-layi.

Saboda irin wannan ne malaman kwas ɗin suke nanata ƙa'ida guda kafin kowane gyara: a kwafi bayanan mai na'ura a ajiye a wani wuri tukuna. Ana iya sayen sabuwar ma'adana da sabon allo, amma kundin da ɗalibi ya yi shekara uku yana rubutawa ba ya kasuwa. Akwai masu gyara, a kowace ƙasa kuwa, waɗanda maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta, wato a goge komai a sake zuba babbar manhaja. Sau da yawa kukan yakan tafi, amma yakan tafi da hotunan iyali da takardun shekaru, garin neman gira a rasa ido. A wajena wanda ya yi haka saboda akwatin da ya fito a gurbin ƙ bai ci kwas ɗin ba, ko da yana riƙe da takardar shaida. Ƙa'ida ta biyu ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya canza uku tare, ko an warke bai san wanne ne maganin ba. Akwai kuma batun amana, wanda yake da nasa babi a kwas ɗin. Mai gyara yakan ga wasiƙun mutane da hotunansu da lissafin kuɗinsu. Ba ya buɗe abin da gyaran bai bukata ba, ba ya neman kalmar sirri in akwai wata hanya, abin da idonsa ya gani kuma ba ya fita daga bakinsa.

Iri na biyar shi ne wanda muka riga muka sani, wato "qasa xaya". Yana da magani biyu, kuma a nan ake gane mai gyara da ya san abin da mai takarda yake bukata. Idan bugawa kawai za a yi a kan takarda, ya isa a nemo tsohon zubin a sa a kwamfutar. Amma idan ana son a aika da rubutun, ko a sa shi a intanet, ko a riƙa neman kalma a cikinsa, dole a juya shi zuwa Unicode, domin wanda ya nemi "ƙasa" ba zai taɓa samun abin da aka ajiye a matsayin "qasa" ba. Rubuce-rubucen Hausa masu yawa na shekarun 1990 da 2000 suna nan a wannan hali, a tsofaffin faifai da ma'adanai da ke ƙara lalacewa kowace shekara, kuma ɗalibin da ya haɗa sanin Hausa da wannan kwas shi ne ya fi dacewa da aikin ceto su.

Juyawar ba ta da wuya, amma tana da tarko. Bayan an ajiye kwafin asali a gefe, sai a umarci manhaja ta mayar da kowane q ya zama ƙ, kowane x ya zama ɗ, kowane v ya zama ɓ, a kuma yi manyan haruffa dabam da ƙanana, don kada Ƙ na farkon jimla ya ƙanƙance. Sai dai manhaja ba ta san Hausa ba, ba ta kuma san inda Hausa ta tsaya ba. Idan marubucin ya rubuta "Alqur'ani" da q da gangan, ko ya kawo sunan wani Bature mai v, ko ya ɗauko jimlar Ingilishi ko Faransanci, duk za ta bi ta lanƙwasa su. Saboda haka ana ware irin waɗannan wurare tun kafin a fara, sa'an nan a sake karanta takardar daga farko har ƙarshe bayan an gama. Wurin da aka fi mantawa da shi shi ne shafukan gabatarwa na kundi, waɗanda ake ƙirgawa da lambobin Romawa, inda shafi na xiv yakan wayi gari ya zama shafi na ɗiɓ.